Kunnen Mai Fanka

A layin masu gyara shagonsa ne na ƙarshe, daga shi sai katangar da ake jibge kwalayen da aka gama da su. Shago ne da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Tebur ɗaya, kujera ɗaya da aka ɗaure ƙafarta da waya, sai tsofaffin kwamfutoci har rufi, irin masu ƙaton akwatin nan da launinsu ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa. A bango ya kafa ƙusoshi ya rataye fankoki, manya da ƙanana, matattu da masu sauran numfashi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Mai Fanka ake ce masa. Har 'yarsa, in ta gaji da kiran wayarsa ba a ɗauka ba, maƙwabcinsa mai gyaran waya take kira ta ce, "Don Allah miƙa wa Mai Fanka."

Da can ba fanka kaɗai ya sani ba. Lokacin da yake ji da ƙarfi, da mota ake zuwa ɗaukarsa zuwa ofisoshi, a ba shi kujera, a kawo masa ruwan sanyi. Sai duniya ta koma kwamfutar cinya da wayar hannu, kayan ciki suka ƙanƙance har sai an sa madubi, yatsunsa kuwa suka ƙi ƙanƙancewa. Matasa suka kwashe wannan kasuwa suka bar masa tsofaffin akwatuna da masu su. Su ma ba don ƙauna suke riƙe da su ba, sai don wani inji nasu na buga takarda ko na yankan allo da ba ya jin maganar sabuwar kwamfuta. Bai yi wa kowa hassada ba. Gajiya ce dai ta hau kansa ta zauna, tun bayan rasuwar matarsa kuma ta ƙara nauyi. Da safe sai ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya nemi takalmi.

Tsohuwar kwamfuta zafi ne ajalinta. A cikinta akwai wani ɗan faranti mai kusurwa huɗu, shi ne ƙwaƙwalwar, yana ɗaukar zafi kamar dutsen guga. A kansa ake ɗora ƙarfe mai haƙora irin na mataji, ya shanye zafin, a kan ƙarfen kuma ƙaramar fanka ta busa. Tsakanin ƙarfe da ƙwaƙwalwa ana shafa wani farin mai don zafin ya sami hanyar wucewa. In shekaru suka ja, man ya bushe, haƙoran su toshe da ƙura, fanka ta fara gurnani. Aikin Mai Fanka ke nan a ƙarshen rayuwarsa: cire wancan, goge wannan, sa sabo.

Amma yana da tasa hanyar, kuma da ita ya yi suna. Ba ya kunna kwamfuta a buɗe. Sai ya rufe akwatin, ya ɗaure kowane sukuru, sannan ya danna, ya rufe ido, ya karkatar da kai. "Wanda yake kunnawa yana leƙe bai yarda da hannunsa ba," in ji shi. Da kunne yake gane fanka nawa ke juyawa a ciki, wacce ta gaji, wacce ke gogar waya. A da, mutum yana kunna tasa a shagon wani, shi daga nasa shagon zai ɗaga murya ya ce, "Ta baya ce, ba ta gaba ba." Mutane suna zuwa kallon wannan rufe idon kamar wasa. Kuma gaskiya akwai ɗan son nunawa a ciki, ba sai an ɓoye ba.

To, kunnen nan ne ya fara guduwa. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɗaukewa, sannan ƙarar waya, sannan muryar jikokinsa ta koma motsin baki. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi gyaɗa kai da cewa "Haka ne" a inda ya ga ya dace, wani lokaci ma a inda bai dace ba. 'Yarsa ta gane tun da wuri.

"Baba, kunnenka ya yi nauyi. Mu je a duba."

"Ku ne kuke magana ciki-ciki, 'ya'yan yanzu. Kamar ana biyanku ku ɓoye murya."

"Baba, ihu nake yi fa."

"To ki daina yi mini ihu, ni ba sa'anki ba ne."

Ya san gaskiyarta. Tsoro yake ji. Mai gyara da hannunsa ke rawa yana iya cewa sanyi ne, amma Mai Fanka ba kunne, wannan magana in ta fita layin ko akwati ɗaya ba za a sake kawo masa ba. Shi kuwa bai san abin da zai yi da wuni guda a falon 'yarsa ba, gaban talabijin da ba ya ji.

Ana nan sai ga Auta, ƙanwar marigayiyar matarsa, ta shigo rungume da kwamfuta naɗe cikin tsohon zane. Auta ɗinki take yi. Tana da inji mai ɗinka bajo a rigunan 'yan makaranta, wanda mijinta ya bar mata, kuma wannan akwati shi kaɗai ne yake iya ba injin umarni. An taɓa gwada sabuwar kwamfuta, injin ya yi kunnen ƙashi. Da wannan akwati take ci, da shi take biyan makarantar 'ya'yanta, ga shi an kusa dawowa daga hutu, riguna sun cika mata shago.

"Yaya, tsohuwarka ta fara tari!" ta ce, ta dire shi a tebur. "Tana cikin aiki sai ta ɗauke. In na bar ta ta huce ta dawo. Ga gurnani kamar babur."

Ya ji kowace kalma. Auta wuni take yi gefen inji, don haka ko gaisuwa da ihu take yin ta. A duk danginsa ita kaɗai ce yake jin daɗin hira da ita yanzu.

"Ke ce kike kashe ta da aiki. Ko jaki ne ai a ba shi ruwa."

"In na ba ta hutu kai za ka ciyar da mu?"

Ya kwance murfin. Ciki cike da burbushin zare, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen kamar audugar katifa. Ya taɓa fankar da yatsa, ta yi lilo a kan gindinta. Ya kunna na ɗan lokaci don tsohon man ya yi laushi, saboda in ka fizgi ƙarfe a sanyi sai ya taho da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Ya kashe, ya murɗa a hankali hagu da dama har ya saki. Ya goge busasshen man da auduga har fuskar ƙwaƙwalwar ta yi ƙyalli. Sannan ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya zaro wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Ƙarfe ne mai gindin tagulla da sabuwar fanka a kansa, ya daɗe yana ɓoyon sa.

"Wannan ba kowa nake sa wa ba," ya ce.

"Ai ni ba kowa ba ce."

Ya ɗiga man kamar ƙwayar shinkafa, ya ɗora ƙarfen. Saura maƙalin da ke riƙe shi, wanda sai an danna da bakin sukundireba da ƙarfi, in ya kuɓuce kuma ya karce allon ciki shi ke nan. Wayar fankar, mai ɗan soket a bakinta, ta tare masa hanya, sai ya ture ta gefe ya cusa ƙarƙashin wasu wayoyi, da niyyar in ya gama ya jona. Yana cikin dannawa inuwa ta rufe ƙofa. 'Yarsa ce, da kayan aiki a jikinta, ta biyo a hanyarta.

Ta gaida Auta, ta juyo ta tsaya inda zai ga bakinta. "Baba, na yi magana da likitan kunne. Ya ce in kawo ka."

A gaban Auta ta faɗa. Ransa ya ɓaci, ƙeyarsa ta ɗauki zafi. Maƙalin ya shiga, ya ji shigarsa a yatsa.

"Wa ya aike ki?"

"Baba, dubawa kawai za a yi."

"Ina aiki. Ba kya gani? Je ki kar ki makara."

Ta juya, ta yi wa ƙanwar uwarta sallama ta fita. Shi kuwa ya ja murfi ya rufe, ya ɗaure sukurori da sauri fiye da yadda ya saba. So yake Auta ta ga abin nan da idonta, yanzu-yanzu, kafin maganar likita ta zauna mata. Ya jona wuta, ya danna, ya rufe ido, ya karkatar da kai.

Abin da ya iso gare shi wani ɗan kaɗawa ne da ya biyo katakon tebur zuwa gwiwar hannunsa. Fankar baya ce, ta akwatin wuta, wadda ba ruwanta da ƙwaƙwalwa. A da, cikin numfashi ɗaya zai ce, ɗaya ce ke juyawa, ina ɗayar? Yanzu shiru ya ji, ya ɗauka shirun sabuwar fanka ne. Ya buɗe ido, rubutu ya fito a gilashi, ya gyaɗa kai.

"Kin ji? Kamar ba a kunna ba."

Auta ta dube shi, ta dubi akwatin, ta buɗe baki. Ta ga yadda ya gyaɗa kai da yadda ya kashe da yatsa ɗaya, sai ta rufe bakinta. Ta naɗe abarta cikin zane tana sa masa albarka, ta tafi.

Washegari da hantsi ta dawo. Ba ta yi ihun sallama ba, daga nan ya san ba lafiya. Ta ajiye akwatin a hankali kamar mai ajiye mara lafiya. Tun kafin ya kwance, hancinsa ya gaya masa, don shi hanci bai gudu ba: ƙauri ne na abin da ya ƙone a rufe. Ya ɗaga murfin. Ga sabuwar fanka tsaf, ko ƙura ba ta ɗauka ba. Ga wayarta can ƙarƙashin 'yan uwanta inda ya cusa ta, ɗan soket ɗin na reto. Ya cire ƙarfen. Tsakiyar ƙwaƙwalwar ya yi baƙi, man ya soye a gefe. Da gajiyayyar fanka ɗaukewa take yi ta dawo, amma irin tsofaffin nan in babu fanka sam, zafi ke cin su har su mutu.

"Tana tsakiyar bajo ta ɗauke," in ji Auta. "Na bar ta ta huce, ba ta dawo ba."

Ya ajiye ƙarfen a kan tebur.

"Yaya, dama ina so in tambaye ka tun jiya. 'Yar ƙarar nan da take yi, tii-tii-tii, ta mece ce? Da ba ta yi."

Ya ɗago. "Wace ƙara?"

"Wadda ta yi a nan da ka kunna. Siririya haka. A shago ma ta yi ta yi. Na ga ka ji ba ka ce komai ba, na ce to haka sabuwar take."

Kukan gargaɗi ne. Kwamfutar ta yi ta faɗa masa da bakinta cewa fanka ba ta juyawa, yana zaune a gabanta ido rufe yana gyaɗa kai. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya so ya ce man ne ba mai kyau ba, ya so ya ce wutar shagonta ce, kalmomin har sun zo baki. Ya dubi hannuwan Auta, duk sawun allura, ta damƙe bakin zanen.

"Ban ji ba," ya ce. "Ban jona fankar ba, kuma ban ji ba. Na daɗe ba na ji, Auta."

Ta zauna a kan wani mataccen akwati. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai cewa ta yi, a hankali, har sai da ya karanta a leɓenta, "To yanzu ya za mu yi da rigunan mutane?"

Irin wannan ƙwaƙwalwa an daina yin ta tun 'yarsa tana makaranta. Ya kwance duk abin da ke shagon mai kama da ita, ya sauke akwatuna daga sama har bayansa ya riƙe, babu wadda ta dace. Ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, matasa suna juya ƙonanniyar a hannu suna murmushi kamar an nuna musu kuɗin da aka daina karɓa. Da rana ta take ya hau mota zuwa bayan gari, filin da ake farfasa tsofaffin kaya. Can masu aikin suke ɓalle ƙwaƙwale su zuba a bokiti, saboda ɗan zinaren da ke siraran ƙafafun ƙwaƙwalen. Mai filin ya tura masa bokitin da ƙafa, ya faɗi wata magana yana kallon wani waje. Mai Fanka ya ce, "Ka juyo ka faɗa da ƙarfi, ba na ji." Karo na biyu ke nan da ya furta, kuma bai fi na farko sauƙi ba.

Ya tsuguna cikin rana yana tona, yana kai kowace kusa da ido don karanta lambar. Ƙafafunsa suka mutu, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ji a ransa cewa ya tsufa, ba irin tsufan da ake faɗa ana dariya ba. Can ƙasan bokitin ya sami irinta. Ya juya bayanta, sai ya ga siraran ƙafafun da ke shiga ramukan allo sun kwanta a gefe ɗaya kamar ciyawar da aka taka.

Da ya dawo Auta na nan inda ya bar ta. Ya ce ta ba shi allura, ta zaro daga bakin mayafinta. Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda ya ga shige da ficen, ya kawo masa fitilarsa mai madubi ya ajiye. Shekaru Mai Fanka yana yi wa fitilar nan ba'a, yau ya jawo ta ya sunkuya. Ƙafa ɗaya-ɗaya yake tayarwa, kaɗan-kaɗan, don in ka matsa sau ɗaya ta karye, kuma in ɗaya ta karye tafiyar bayan gari ta tashi a banza. Yakan tsaya ya girgiza yatsu, ya share ido, ya koma. Rana ta sauka daga kan tebur ta koma bakin ƙofa kafin ya ɗago.

Ya ɗora ƙwaƙwalwar a kan ramukan. Ta ƙi. Ya cire, ya gyara biyu, ya sake ɗorawa, sai ta faɗa da kanta. Ya shafa mai, ya danna maƙali. Ya ɗauki wayar fankar ya jona, ya ja ta kaɗan, ya sake dubawa. Hannunsa ya kai ga murfin don sabo, ya tsaya, ya jingina shi da bango. Ya kunna akwatin a buɗe, yana leƙe.

Fankar ta juya. Gilashi ya daɗe baƙi, sannan rubutu ya fito, layi bayan layi, har hoton da Auta ta saba gani. Ta dafe ƙirji ta ce, "Alhamdu lillahi," da irin muryarta ta da, har mai gyaran waya ya leƙo.

Mai Fanka bai yi murna ba tukuna. Ya bar ta ta yi ta aiki yana taɓa ƙarfen da bayan yatsa, ɗumi kawai. Sannan ya kashe, ya rufe, ya ɗaure sukurori, ya sake kunnawa. Bai rufe ido ba. Ya juyo ya dubi ƙanwar matarsa, wadda ba ta san sunan ko abu ɗaya a cikin akwatin nan ba.

"Matso kusa," ya ce. "Me kike ji?"

Ta kawo kunne. Ya ga tana so ta ce lafiya lau, don ta huta ta hutar da shi.

"Kar ki rufa mini asiri. Faɗi."

"Tii-tiin babu. Amma akwai wani ɗan kas-kas-kas, kamar tana taɓa wani abu."

Ya sake kwance sukurorin da ya ɗaure yanzun nan. Wata waya ce murfin ya danno, tana gogar bakin fankar. Ya ɗaure ta gefe da zaren Auta, ya rufe, ya kunna.

"Yanzu fa?"

Ta saurara sosai, kanta a karkace. "Ta daina, Yaya. Iska kawai."

Ya kasa kunne shi ma, iya ƙarfinsa. Tsakanin ɗazu da yanzu bai ji bambancin komai ba.

"To," ya ce. "Tunda kin ce." Ya miƙa hannu ya kashe, ya taya ta naɗewa.